Abin da tafi ba ya gyarawa: darussa daga mawaƙa da jaruman Latin Amurka masu nakasa

Jama'a na iya cika zaure su miƙe tsaye su yi wa makahon mawaƙi tafi har hannu ya yi ja, wasu na share hawaye, gari ya waye kuma mai kamfanin da ya zauna a sahun gaba ya mayar da takardar neman aikin wani makaho bai ko karanta ba. Wannan ne babban darasin da na koya daga nazarin mawaƙa, 'yan rawa da jaruman fim masu nakasa na Latin Amurka da 'ya'yansu mazauna Amurka, sauran duk a ƙarƙashinsa suke. Abin da ke gyara kallon da ake yi wa mai nakasa shi ne a riƙa ganinsa a bakin sana'arsa yau da gobe, yana yin ta da gwaninta, har mamaki ya ƙare a koma maganar aikin. Ƙarfin zuciyar mai wasa kaɗai ba ya kawo wannan yawan gani. Yana rataye ne a kan abubuwan da ɗan kallo ba ya lura da su: inda aka kafa fitila, tsawon gangaren hawa, tafintan maganar hannu ɗaya aka biya ko biyu, da wanda ya riƙe alƙalamin labarin.

Alicia Alonso, 'yar Kuba, gwanar rawar bale, ita ta fi fito da wannan fili. An haife ta a 1920. A 1941 likitoci suka gano tantanin bayan idonta ya ɓalle daga mazauninsa. Aka yi mata aiki ba sau ɗaya ba, aka kwantar da ita watanni ba a yarda ta motsa kai ba. Da ta tashi, ganin gefe ya tafi, na gaba ma saura kaɗan. Ita kuwa bale rawa ce ta gudu da juyi da tsalle zuwa hannun abokin rawa, a kan dandamalin da gabansa rami ne inda makaɗa ke zama. Sai aka kafa mata fitilu masu ƙarfi, kowace da launinta, a wuraren da ba a canzawa, don ta san inda ta fuskanta. Aka ja siririyar waya a bakin dandamali daidai ƙugu ta zama iyaka. Mazan da ke rawa da ita kuma aka horar da su su tsaya daidai inda aka tsara, ba ƙari ba ragi, domin in ta yi tsalle ba ganinsu take yi ba, ta dai san suna nan. A Nuwamban 1943 ta yi rawar Giselle a New York, a 1948 ta kafa ƙungiyarta a Habana, ta ci gaba da hawa dandamali har ta haura shekara 70. Masu sharhi suka shafe rabin ƙarni suna gardama kan salonta da kusancinta da gwamnatin Castro, maganar ido ta koma gefe.

Babu mai tsada a cikin dabarun nan. Wahalarsu ita ce tsayawa a kan magana ɗaya, nan kuwa ake yawan faɗuwa. Ƙa'idar aiki da makaho ita ce a zagaya da shi dandamali kafin jama'a su shigo, ya ƙirga taku daga mashiga zuwa kujerarsa, daga kujera zuwa baki, ya taɓa sandar makirufo da akwatunan sauti. Daga nan kada a gusar da komai. Ma'aikacin da ya ja kujera taku biyu don ta yi kyau a kyamara, da kyakkyawar niyyarsa, shi ke jefa mutum ƙasa. Inda ake son ya tsaya, a shimfiɗa igiya a liƙe ta da salatif mai kauri yadda tafin ƙafa zai ji ta. Alamar farawa da tsayawa da sauran makaɗa ke karɓa da ido, shi a ba shi ta na'urar kunne. Ɗan jagora ya ba shi gwiwar hannu ya riƙe, ya wuce shi da rabin taku, ya faɗi matakala kafin a kai ta, hawa ce ko sauka, guda nawa ce. Ba a tura shi ta baya, ba a jan sandarsa. Kuma "ga shi can" ba kwatance ba ne. A ce dama, taku uku.

José Feliciano wani abu daban ya koyar. An haife shi makaho a garin Lares na Puerto Rico a 1945, hawan jinin ido ya zo da shi, iyayensa suka koma New York yana ɗan shekara biyar. Ranar 7 ga Oktoba 1968, lokacin tauraronsa na haskawa, aka gayyace shi ya rera taken Amurka kafin wasa na biyar na gasar ƙarshe ta besbol a Detroit. Ya zauna da jitarsa ya ja shi a hankali da salon kansa, ƙasar kuwa na tsakiyar yaƙin Biyetnam. Aka yi masa ihu a filin, masu fushi suka dinga buga waya gidan talabijin, gidajen rediyo da dama suka ajiye faifansa. Ba wanda ya ɗaga masa ƙafa don makaho ne. An zage shi a matsayin mawaƙin da ya taɓa abin da ba a taɓawa, wasu kuma don ɗan Puerto Rico ne. A ganina wannan fushin ya fi tausayi daraja, domin wanda aka ɗauka abin tausayi ba a fushi da shi, sai wanda ake ganin zaɓinsa na da nauyi. A farkon 1969 ya karɓi kyautar Grammy biyu, a 2010 kuma Detroit ta sake kiransa ya rera taken da salon nan da aka zage shi a kai.

A Kolombiya akwai Leandro Díaz, haihuwar 1928 a yankin La Guajira, makaho tun haihuwa, ɗaya daga cikin manyan masu tsara waƙar vallenato, wani salon waƙar gargajiya na ƙasar. Waƙoƙinsa cike suke da kwatancen koguna da filayen kiwo da matan da bai taɓa gani ba, har shahararren marubuci Gabriel García Márquez ya buɗe wani littafinsa na 1985 da baitinsa. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, Zariya ta yi Aliyu Namangi. Díaz ya rasu a 2013. A 2022 tashar RCN ta yi fim mai dogon zango kan rayuwarsa, ta ba Silvestre Dangond, shahararren mawaƙi mai gani garau, ya fito a matsayinsa. Dalilin a fili yake, suna ke jawo 'yan kallo. Sai dai ga tarkon: ba a ɗaukar makaho don ba shi da suna, ba ya yin suna don ba a ɗaukarsa. Nazarin Gidauniyar Ruderman na 2016 ya gano cewa kashi 95 cikin 100 na masu nakasar da ake nunawa a manyan shirye-shiryen talabijin na Amurka, marasa nakasa ne ke fitowa a matsayinsu. Ƙidayar da cibiyar Annenberg ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ke yi wa manyan finafinai 100 na kowace shekara takan samu masu nakasa kusan kashi 2 cikin 100 na masu magana a fim, 'yan asalin Latin Amurka kusan kashi 5, alhali su ne kusan kashi 19 na jama'ar ƙasar, kuma baligi ɗaya cikin huɗu na da wata nakasa. Wanda ya haɗa biyun sai an tona kafin a same shi.

Ban da rashin adalci, aikin kansa ke lalacewa. Mai gani da ya fito a makaho yakan kafe ido a rufin ɗaki, ya riƙa shafa fuskokin mutane, abin da makafi ba sa yi. Sandar ma takan tona masa asiri. Wanda ya koya yana kaɗa ta ne hagu da dama, faɗin da ya ɗan wuce kafaɗu, tana taɓa ƙasa a inda ƙafar baya za ta sauka, shi kuwa ɗan kwaikwayo sai ya riƙa soka ta gaba. Mai kwaikwayon gurgu kuma a ɗora shi kan keken asibiti mai faɗi, alhali wanda ke rayuwa a kan keke, nasa an auna shi ne daidai ƙugunsa da tsawon cinyarsa. 'Yan kallo su koyi ƙarya su fita da ita titi. Furodusa zai ce ya nema bai samu ba. In aka bi diddigi, a saman bene aka yi gwajin ɗaukar 'yan wasa ba lif, rubutun wasan hoto aka tura wanda manhajar karanta allo ba ta iya karantawa, tafinta kuwa ba a kira ba.

Inda na fi daɗewa ina juya tunani shi ne kan Tony Meléndez. An haife shi a Rivas ta Nikaraguwa a 1962 ba hannuwa, domin an ba mahaifiyarsa talidomaid, maganin laulayin cikin da ya nakasa jarirai fiye da 10,000 a duniya kafin a janye shi. Da ƙafa yake kaɗa jita. Yana zama a kujera, jitar na kwance a ƙasa, an ɗaure tsirkiyoyinta yadda ko ba a danna komai ba amonsu zai tafi tare, sai yatsun ƙafa ɗaya su danna, ɗayar ta kaɗa. Ranar 15 ga Satumba 1987 ya yi wasa gaban Fafaroma John Paul na Biyu a Los Angeles, Fafaroma ya sauko daga mazauninsa ya je ya sumbace shi. Daga ranar duniya ta san shi. Amma a tambayi masu yaɗa bidiyon nan wace waƙa ya rera, kaɗan ne za su sani. Abin da ya zauna a zukata shi ne "dubi wannan ma ya iya, kai me ya hana ka". Stella Young, 'yar fafutuka daga Ostireliya, ta yi kaca-kaca da irin wannan kallo a jawabinta na 2014, inda mai nakasa ke zama kayan ƙarfafa gwiwar marasa nakasa. Meléndez ba shi da laifi a nan, mai kyamara da mai gabatarwa za a tuhuma. In kyamara ta shafe minti uku kan yatsun ƙafa da fuskokin masu kuka, abin al'ajabi aka ɗauka. In ta nuna dabarar sau ɗaya ta koma kan waƙar, mawaƙi aka ɗauka.

Shirin Teletón ya ɗauki salon farko ya mai da shi sana'a. Mario Kreutzberger, wanda aka fi sani da Don Francisco, ya fara shi a Chile a 1978: awa 27 ana watsawa kai tsaye, taurari na waƙa, ana nuna yara masu nakasa, ana tara kuɗi. Meziko ta ɗauka a 1997. Kuɗin sun gina cibiyoyin gashi da gyaran gaɓɓai na gaske, fiye da 20 a Meziko kaɗai, iyaye da yawa kuma ba su da wurin zuwa in ba can ba. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma a 2014 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, da ya duba rahoton Meziko, ya nuna damuwa cewa shirin na ƙarfafa kallon masu nakasa a matsayin abin sadaka, kuma gwamnati na miƙa wa gidauniya mai zaman kanta dukiyar aikin da yake nata. Matsalar a tsarin shirin take. Allon kuɗi na hawa ne idan hawaye ya zuba, don haka mai tace hoto zai zaɓi yaron da ke kuka ya bar magidancin da ke neman a gyara matakalar ofishinsa.

Lauren Ridloff kurma ce, haifaffiyar Chicago a 1978, mahaifinta ɗan asalin Meziko, mahaifiyarta baƙar fatar Amurka. Malamar firamare ce a da. An ɗauke ta ta koya wa darakta Kenny Leon maganar hannu, ya ƙare da ba ta babban matsayi a wasan da ya shirya a Broadway, matattarar manyan wasannin dandamali ta New York, a 2018, har ta shiga takarar Tony, babbar kyautar wasan dandamali ta Amurka. A 2021 ta fito a fim ɗin Eternals na kamfanin Marvel, kurma ta farko cikin jaruman finafinansu masu ƙarfin ban mamaki. A wurin ɗauka aka yi karo da matsala: akwai inda za ta tsaya tana fuskantar bango, ta yaya za ta san an ce a fara? Kamar yadda ta bayyana, abokiyar aikinta a fim ɗin Angelina Jolie ce ta ce a haska ɗigon fitilar lesa a bangon, masu tace hoto su goge shi daga baya. 'Yar fitilar aljihu ta warware abin da wani furodusa zai kafa hujja da shi ya ƙi ɗaukar kurma.

Aiki da kurma yana da lissafinsa. Idan zama zai wuce awa guda, tafinta biyu ake ɗauka suna karɓar juna duk bayan kamar minti 20, domin daga nan hannu da ƙwaƙwalwa na gajiya, ma'ana ta fara zubewa ba wanda ya sani. Maganar hannu kuma ba ɗaya ba ce a duniya. Ta Amurka daban, ta Meziko daban, ta Brazil da ake kira Libras, wadda doka ta amince da ita a 2002, ita ma daban. Wanda ya kawo tafintan Amurka taron kuramen Meziko don duk hannu ne, ya yi asarar kuɗinsa. A tarukan 'yan Latin mazauna Amurka ma sau da yawa sai an nemi mai harshe uku: Ingilishi, Sifaniyanci da maganar hannu. Idan waƙa za a fassara, a ba tafinta baitocin mako ɗaya ko biyu kafin rana, don karin magana da habaici ba sa fassaruwa a tsaye. A tsayar da shi gaban bango mara ado, da riga mai launi ɗaya da ta bambanta da fatarsa, a bar masa fitilarsa ko an kashe na dandamali. Gira da baki da kallo duk cikin nahawun harshen suke, saboda haka kyamara ta ɗauki fuska da hannuwa tare. Ƙa'idar Brazil ta ce tagar tafinta a talabijin ta kai aƙalla rabin tsayin allo da rubu'in faɗinsa. A wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka na 2020, wanda Shakira da Jennifer Lopez suka yi wasan tsakiyarsa, Demi Lovato ta rera taken ƙasa, Christine Sun Kim, wadda kurma ce, ta yi shi da hannu, tashar da ta watsa ta nuna ta na 'yan daƙiƙu ta kau da kyamara. An gayyato ta, an sanar, kuramen da ke gida kuwa ɗan guntu suka gani.

Masu keken guragu nasu lissafin na awo ne. Herbert Vianna, jagoran ƙungiyar Os Paralamas do Sucesso ta Brazil, ya faɗo da ƙaramin jirgi a Mangaratiba ranar 4 ga Fabrairu 2001. Matarsa ta rasu, shi kuma ƙafafunsa suka shanye. A 2002 ƙungiyar ta fitar da sabon faifai da shi, tun daga lokacin a kan keke yake waƙa da kaɗa jita, fiye da shekara 20 ke nan, har akwai matasan da ba su san shi a tsaye ba. Wannan shi ne yawan ganin da nake nufi, kuma kowane dare cikin shekarun nan sai da wani ya tanadi hanyar hawa. Ma'aunin dokar Amurka shi ne kowane tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Dandamali mai tsayin mita 1 na buƙatar gangare mai mita 12, da shimfiɗaɗɗen wurin hutawa na mita ɗaya da rabi a tsakani, domin ba a yarda hawa ɗaya ya wuce santimita 76 ba. Faɗin gangaren kada ya gaza santimita 91, ƙofa kada ta gaza 81, wurin juyawa 152. Abin da aka saba gani shi ne katako mai mita 3 an jingina shi da dandamali. Ko keke ya tuntsura ta baya, ko a kira ƙarti huɗu su ɗaga. Keken lantarki da mai shi sukan haura kilo 150, ɗagawa haɗari ne ga kowa, kuma tauraron da jama'a suka ga an ciccibe shi kamar kaya ya riga ya rasa wani abu tun bai buɗe baki ba. Sannan a leƙa bayan fage. Zaure da yawa sun gyara ƙofar 'yan kallo, ɗakin shiri da banɗakin masu wasa na nan a kan matakala, don wanda ya zana ginin bai taɓa kawowa mai keke zai zo a matsayin mai wasa ba.

Jiki ma yana da jadawalinsa. Mai raunin laka na buƙatar sauya zama duk minti 15 zuwa 30 kada fata ta yi gyambo, in raunin ya yi sama kuma jiki ba ya gumi yadda ya kamata, zafin fitilun dandamali na iya kayar da shi. Kamfanonin jiragen Amurka na lalata ko ɓatar da kekuna sama da 10,000 a shekara bisa alƙaluman gwamnatinsu, shi ya sa mai hankali ke barin kwana ɗaya tsakanin sauka da wasa, da lambar makanikin keke na garin a aljihu.

Akwai tambayar da ba mai shirya wasa ke da amsarta ba: a faɗa ko a yi shiru? Mawaƙi Roberto Carlos, wanda 'yan Brazil ke kira Sarki, jirgin ƙasa ya take masa ƙafar dama yana ɗan shekara shida, da ƙafar roba yake tafiya. Da wuya ya yi maganar a fili, a 2007 ma ya sa aka janye wani littafin tarihinsa da aka rubuta ba izininsa, wanda ya taɓo hatsarin da sauran sirrinsa. Selena Gomez, mawaƙiyar Amurka mai tushen Meziko, ta bi ɗaya hanyar. Jaridu sun yi ta yaɗa cewa shaye-shaye ne ya sa ta dakatar da wasanni, sai a 2015 ta bayyana cewa cutar lupus ce, wadda garkuwar jiki ke yaƙar jikin da kansa. A 2017 aka yi mata dashen ƙoda, a 2020 ta faɗi cewa tana da lalurar bipolar, mai kai mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki. A bakinta matasa da yawa suka fara jin labarin ciwon da ba a gani a fuska. Shirun Roberto Carlos da wuya a ce ya sauya kallon da ake yi wa masu ƙafar roba, amma fa ƙafarsa ce. Mai wasa ke yanke abin da za a rubuta a sanarwa da abin da ɗan jarida zai tambaya. Ma'aikata abin da za su tanada kawai suke buƙatar sani. Mai lupus, alal misali, rana na tayar mata da ciwon, gajiya na zuwa ba sallama, sai a rage tsawon ranar aiki a ajiye ranar ko-ta-kwana a jadawali.

To, duk wannan na sauya tunanin jama'a kuwa? Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana a 1954 cewa cuɗanya na rage ƙyama, amma da sharuɗɗa: a haɗu a matsayi ɗaya, da manufa ɗaya, ana aiki tare, hukuma na mara baya. A 2005 Edward Schiappa da abokan aikinsa suka nuna cewa sabo da mutum ta allon talabijin ma na iya yin irin wannan tasiri. Sharaɗin farko shi ke kayar da shirin tara sadaka, don mai bayarwa da mai karɓa ba matsayinsu ɗaya ba. Shi ne kuma sirrin finafinai masu dogon zango na Brazil. A 2006 tashar Globo ta fara nuna Páginas da Vida. A ciki kaka ta ƙi jikarta mai lalurar Down, likita ta ɗauke ta riƙo, ta shiga fafutukar sa ta a makarantar da kowa ke zuwa. Joana Mocarzel, yarinyar da ta fito a matsayin, tana da lalurar da gaske. Dare shida a mako har kusan wata takwas tana cikin falon mutane, tana wasa, tana rigima kamar kowane yaro. Ba taron wayar da kai da zai ba da wannan.

Sai dai a yi hattara da alƙaluman masu talla. Bayan fitowar fim ɗin Ridloff an yi ta yayata cewa masu neman darasin maganar hannu a intanet sun ninka. Latsa waya sha'awar mako guda ce. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne yara nawa aka karɓa a makaranta, mutum nawa aka ɗauka aiki, zaure nawa aka gyara, waɗannan kuwa doka ke motsa su, fim share fage yake yi. Brazil tun 1991 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama ya ware kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na guraben aikinsa ga masu nakasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu ma Meziko ce ta kawo shawararta a 2001, aka amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006. Sashe na 8 ya ɗora wa ƙasashe yaƙi da mummunar fahimta har a kafafen watsa labarai, sashe na 30 ya ba masu nakasa haƙƙin shiga harkar al'adu a matsayin 'yan kallo da kuma masu ƙirƙira. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 2008, Najeriya a 2010, kuma dokar Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, ke nan maganar gangare ta shafi zaurukan taronmu ma.

A aikace, duk abin da aka lissafa takarda guda yake shiga, wadda ake haɗawa da kwantiragi: shafi ɗaya ko biyu da mai wasan ya rubuta da kansa, ya faɗi abin da yake buƙata a tafiya, a masauki, a wurin gwaji da kan dandamali, da abin da ba ya so a faɗa a kansa. A ba kowane ɗan wasa fom ɗin, har wanda ba a ga komai a jikinsa ba, don mai ɓoye lalurarsa ya samu hanyar faɗa. A ware wa takardar gurbinta a kasafi daban da ladan mai wasa, in ba haka ba kuɗin tafinta da na mai taimako daga aljihunsa za su fita, ya koma gida da ƙasa da abin da abokin aikinsa ya samu. A naɗa mutum ɗaya wanda zai bi ta layi-layi, a kuma neme ta ranar da aka fara maganar kuɗi. Idan ta iso mako guda kafin wasa, an riga an biya kuɗin zaure mai matakala, an sayi tikitin jirgin da ƙofar kayansa ba ta ɗaukar keken lantarki, tafintocin garin kuma duk wasu sun kama su.